Shaidar da Kawu Bai Kira Ba

"Wato in buɗe baki in ce yayana bai san aikinsa ba?" in ji Umma.

"Ba baki za ki buɗe ba, Umma. Takarda ce."

"Takardar ba da sunana za ta fita ba?"

"To ɗanki fa? Shi wuyansa ba wuya ba ne?"

Umma ta saki tsintsiyar hannunta. Anti ce ta faɗi haka, matar Yaya. Shekara shida tana gidanmu, ban taɓa jin ta ɗaga wa Umma murya ba sai ran nan. Ina zaune a bakin ƙofa ina ɗaure igiyar takalmi. Na kwance, na sake ɗaurewa, don dai kada a sako ni.

"Yayan nan nawa shi ya sa ni a makaranta," in ji Umma. "Da babansu ya rasu, shi ya tsaya a kanmu. Yau kuma in kai shi kotu?"

"Ba wanda ya ce a kai shi kotu. Kawu mutumin kirki ne, na yarda. Ya iya takardar fili, ya iya takardar haya. Amma mijina ba fili ba ne."

Umma ta juyo wurina. "Auta, kana ji ana zagin kawunka ka yi shiru?"

Ni ne Auta. Na ce zan makara, na fita.

Wata biyu ke nan da kotu ta yanke wa Yaya hukuncin kisa. An ce shi ya kashe wani direban tifa a bayan garejin da ke layin shagonmu na walda. Wanda ya kare shi a shari'ar shi ne Kawu, yayan Umma uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka kama Yaya ba wanda ya yi tunanin neman wani. Muna da lauya a gida, me za mu je nema a waje? Ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa yin shari'ar kisa. Wa zai dubi Kawu ya yi masa wannan tambayar?

Yanzu wata sabuwar lauya ta karɓi maganar, daga wata ƙungiya da ke bin shari'un waɗanda aka yanke wa kisa. Barista muke ce mata. Ta ce hanya ɗaya ta rage: a ɗaukaka ƙara, a nuna wa kotun sama cewa Yaya bai samu kariyar da ta dace ba, a roƙa a sake shari'ar daga farko. Ranar Alhamis wa'adin shigar da takardu zai cika.

Ofishinta a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani. Fayil har a kan kujeru. Sai da ta kwashe wani tuli kafin na samu wurin zama.

"Umma ta yarda?"

"Tana tunani."

"Bar ta. Takardarta ado ce. Taka ce ginshiƙi."

Ta jawo kundin shari'ar, ta buɗe inda ta liƙa jar takarda.

"Duba nan. Mutum ɗaya ne ya ce ya ga wani abu, mai wankin mota. Ya ce ya ga mutum da shuɗiyar rigar aiki ya fito daga bayan gareji, ta baya ya gan shi. Mutum nawa ke sa shuɗiyar riga a layinku?"

"Kusan kowa."

"Kawunka ya tambaye shi haka? Bai tambaya ba. Tambaya uku ya yi masa ya zauna. Ni ko takalmi zan saya ina yin fiye da uku. Rahoton likita bai nema ba. Gidan yari sau biyu ya je cikin shekara biyu. Sannan kai." Ta nuna ni da biro. "Mutumin da yake tare da wanda ake zargi tun ƙarfe biyu har biyar, kana zaune a kotun, bai kira ka ba. Wannan kaɗai ya isa."

Ta miƙo mini takardar rantsuwa, shafi biyu. Maganata ce a ciki, wadda na faɗa mata makon da ya wuce, ta gyara ta ta sa mata lamba. Lamba ta bakwai ta ce: ina tare da yayana a shago daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, muna haɗa ƙofar ƙarfe. Lamba ta takwas ta ce: lauyansa ya san haka, bai kira ni shaida ba, bai kuma gaya mini dalili ba.

Duk gaskiya ne. Ko kusan duka.

"Ka karanta a gida. Alhamis da safe mu je wurin rajistara ka rantse. Akwai matsala?"

"Babu."

"Fuskarka ta ce akwai."

"Haka fuskata take."

Ga abin da ba ya cikin takardar. Ranar Talata ce. Da safe direban ya toshe mana ƙofar shago da tifarsa, karo na uku ke nan. Suka yi zage-zage da Yaya, layi duk ya ji. Yaya ya ce masa, "Za ka gani." Wannan an faɗa a kotu. Da rana muka hau aikin ƙofar. Wajen uku da wani abu sandar walda ta ƙare, Yaya ya ce bari ya sayo a shagon ƙarshen layi. Ni ina gurzar ƙarfe da injin, fuskata a rufe, kunnena cike da ƙara. Mai gurza ba ya sanin lokaci. Da na ɗago, ga Yaya a wajen duro yana wanke hannu. Bai sayo komai ba. Ya ce shagon a rufe yake. Ya tono wasu guntayen sanduna a ƙasan akwati, muka ƙarasa da su. Wajen huɗu aka fara ihu a bayan gareji.

Minti goma ya yi a waje? Ashirin? Arba'in? Shekara biyu da rabi ina wannan tambayar. Wata rana in ga kamar yanzu ya fita ya dawo. Wata rana in tuna har na gama gefe guda na ƙofar, kuma gefe guda yana cin lokaci. Wanke hannu kuwa, wane mai walda ne ba ya wanke hannu?

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa. Kawu, a cikin motarsa, mako biyu bayan kamun. Ya tambaye ni, "Ya fita ko sau ɗaya?" Na faɗa masa yadda aka yi. Ya kashe rediyo, ya ce, "Shi ke nan." Bai ƙara tayar da maganar ba. Zama goma sha ɗaya aka yi a kotu. Kowanne sai na goge farar rigata na zauna a benci na biyu ina jira a kira sunana. Ba a kira ba. Ni kuma ban tambaya ba.

Barista ba ta tambaye ni ko ya fita ba. Cewa ta yi, "Kuna tare?" Na ce muna tare. Anti na zaune kusa da ni a lokacin, tana riƙe da 'yarsu a cinya.

Washegari na je wurin Kawu. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne, taswirar filaye a bango, fanka mai ƙara. Tun ranar hukunci bai taka gidanmu ba. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini kujera.

"Yaya uwarku?"

"Lafiya lau."

"Ƙarya kake. Ba ni takardar."

Ban ce na zo da takarda ba, amma na ciro. Ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi da yatsa. Da ya zo lamba ta takwas sai ya yi 'yar dariya.

"Yarinyar nan ta iya aiki. Ka gaya wa uwarku ta sa hannu a tata. Ku ce ban san komai ba. Ku ce jaki ne ni da rigar lauya. In ana so, ni ma in rubuta in sa hannu."

"Kawu, ba haka muke nufi ba."

"Haka ya kamata ku nufa. Me sunana zai yi mini in an rataye ɗan 'yar'uwata?"

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Amma ka san abin da kuke roƙo? Ba sakinsa za a yi ba. Sake shari'a za a yi. Wannan karon kai za ka shiga akwatin shaida. Lauyan gwamnati zai tashi, ya gyara rigarsa, ya yi maka tambayar da na yi maka a mota. Me za ka ce?"

Ya nuna ni da tabarau, ya ci gaba.

"In ka ce bai fita ba, ka yi ƙarya a kan rantsuwa, kuma kai ba ka iya ƙarya ba, tun kana ƙarami kunnenka ke fallasa ka. In ka ce ya fita, ya dawo hannu wofi, ya wanke hannu, to kai ka ba su abin da ba su da shi. Su da suke da bayan wani mutum kawai, sai su samu ƙaninsa."

"Shi ya sa ba ka kira ni ba?"

"Haka nake gaya wa kaina."

"Ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba, Auta." Ya juya kujerarsa wajen taga. "Da ka faɗa mini maganar nan, sai na karaya. Ya kamata in je shagon sandar in tambaya ko a rufe yake ranar. Ban je ba. Ya kamata in zauna da yayanka in ce ya gaya mini ina ya je. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron abin da zai ce. Mai wankin motar nan, da na matse shi da ya rikice. Na tashi, na dube shi, sai na ji kamar ina so a gama a tafi. To ka gaya mini, dabara na yi ko tsoro na ji? In dabara ce, ƙararku ta faɗi, don kotu za ta ce lauya ya yi hikima. In tsoro ne, kuna da gaskiya."

"Kai a ganinka shi ya yi?"

"Ni takardar fili na sani," in ji shi. Ya miƙo mini takardata.

Daga nan na wuce layinmu. Shagonmu yana rufe tun kamun, kwaɗon ya yi tsatsa. Na ƙarasa ƙarshen layi wurin mai sayar da sandar walda. Yana auna ƙusa a sikeli.

"A'a, ƙanin mai walda! Kwana biyu. Yaya mutumin namu?"

"Da sauƙi. Baba, tambaya zan yi. Ranar da aka kashe direban nan, ka rufe shago da rana?"

"Ranar? Ai kowa ya rufe da aka fara ihu."

"Kafin ihun."

Ya dube ni, ya dubi ƙusoshin.

"Ɗana, abin da na ci shekaranjiya ban tuna ba. Ina rufewa in zan yi salla, ina rufewa in zan je ɗauko kaya. Wani lokaci ina ciki ma, na jawo ƙofa don rana. Me ya sa ba a tambaye ni tun lokacin ba?"

Na ce ban sani ba. Na auna tafiyar da ƙafa, daga shagonsa zuwa namu. Minti huɗu. Na sake aunawa ta bayan gareji. Minti shida. Ban san me zan yi da lambobin ba.

Laraba ranar ziyara ce. Ni da Anti muka je. Aka caje mu, aka karɓi waya, muka bi layi a rana. Waɗanda aka yanke wa kisa ɗakinsu daban ne, da raga biyu a tsakani, gandiroba yana zaune a gefe yana kaɗa ƙafa. Yaya ya fito. Hannunsa ya yi laushi, duk ƙunar walda ta warke. Wannan na fara gani.

Suka yi maganar 'yarsu, da haƙorin da ta zubar. Anti ta ce gobe za a shigar da takarda, Auta zai rantse. Yaya ya yi murmushi.

"Ka ga ranarka ta zo. Farar rigar nan tana nan? Ko ta ƙone da guga?"

"Tana nan."

Anti ta fita karɓo kwanon abincin da muka kawo, wanda aka riƙe a ƙofa. Muka rage mu biyu da gandiroba. Na matsa jikin ragar.

"Yaya, ranar nan. Da ka je sayo sanda."

"Wace sanda?"

"Sandar walda. Ta ƙare, ka fita."

Ya dubi sama kamar mai neman abu a kan kanta.

"Na fita?"

"Ka fita. Ka ce shagon a rufe yake."

"To a rufe yake ke nan."

"Ka daɗe?"

"Ina zan sani? Kai ke da agogo?" Sai fuskarsa ta canja. "Tsaya. Kai ma?"

"A'a, Yaya. Za su tambaye ni ne."

"In sun tambaye ka ka faɗi abin da ka sani. Ni ban taɓa ce maka ka yi mini ƙarya ba."

"Ai ban san me na sani ba."

Ya dube ni tsawon lokaci. Ban iya karanta idonsa ba. Na san idon nan tun ina rarrafe, na san in ya yi fushi, na san in yana ɓoye dariya. Wannan ban san shi ba. Ko na mutumin da asirinsa ya tonu ne, ko na mutumin da ƙaninsa ya soka. Anti ta dawo da kwano, ya juya wurinta yana tambayar ko an gyara rufin ɗaki.

A hanya Anti ta ce, "Me kuka tattauna? Na ga ya canja."

"Maganar shago."

Da muka isa gida, takardar Umma tana kan tabarma, an danne ta da kofi. Ta sa hannu. Kawu ne ya kira ta a waya ya ce ta sa. Idonta ya kumbura.

"Na yi nawa," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Na zubar da mutuncin yayana saboda yayanka. Saura kai."

Na shiga ɗaki na goge farar rigar.

Alhamis da safe Barista ta ɗauke mu a motarta. Tana tuƙi tana magana, a kan wani alƙali mai son gajeren bayani, a kan shari'ar da ta ci bara. Na ce, "Barista, in lauya ya ƙi kiran shaida don yana ganin shaidar za ta cutar, wannan laifi ne?"

Ta dube ni ta madubi.

"Wannan dabara ce, kotu ba ta taɓa shi. Me ya kawo tambayar?"

Anti ta juyo daga kujerar gaba.

"Ba komai," na ce. "Na ji ana faɗa ne."

Muka isa kotu. Da muka fito ta bar Anti ta yi gaba, ta tsaya gyaran jakarta.

"Saurara. In akwai abin da ban sani ba, gara in ji daga bakinka yanzu da in ji daga bakin lauyan gwamnati. Amma ka sani, abin da na ji ba zan iya yin kamar ban ji ba. Ba zan shigar da takardar da na san ta rage wani abu ba. Kuma ƙarfe biyu ake rufe karɓa."

"In ba takardata fa?"

"Sauran dalilan suna nan. Tambaya uku, rahoton likita. Amma ba zan ɓoye maka ba, da ƙafa ɗaya za mu shiga."

Na buɗe baki. Anti ta ɗago mana hannu daga bakin ƙofa, ta samu wuri a layi.

Ofishin rajistara ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda. Mutum biyar ne a gabanmu. Wata ta ɓatar da katin shaida, wani yana gyara shekarun haihuwa. Kowa ya zo, rajistaran ya yi masa tambaya iri ɗaya bai ɗago kai ba, a ce e, ya buga hatimi, na gaba. Ba wanda ya wuce minti ɗaya. Agogon bango ya tsaya, sai na riƙa duban na hannun Barista. Goma sha ɗaya saura.

Na sake karanta lamba ta bakwai. Ina tare da yayana a shago daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Na yi ƙoƙarin ganin ƙofar nan da muke haɗawa, in ga iya inda na gurza kafin ya fita da inda na kai da ya dawo. Ba abin da na gani sai tartsatsi.

"Na gaba."

Barista ta ajiye takardar a teburin. Anti na bayana, ina jin numfashinta. Rajistaran ya duba shafin ƙarshe, ya juyo mini da shi, ya ɗora biro a kai. Ya danna hatiminsa a tawada ya riƙe a sama.

"Ɗaga hannunka na dama. Kai ne mai wannan suna?"

"Ni ne."

"Ka karanta, ka fahimta?"

"Na karanta."

Hannuna yana sama. Na ji kunnena ya ɗau zafi. Rajistaran ya yi hamma, ya dubi layin da ke bayanmu.

"Duk abin da ke ciki gaskiya ne, ba ka rage komai ba?"